Ruwan Malama

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Direba, kuma ba doguwa ba ce. Daga tagar ɗakin da keken ɗinkina yake, ina hango farfajiyarsa ta baya: bishiyar lemun tsami, gwaiba biyu, wata farar kujerar roba, sai tafkin. Tafkin iyo ne na siminti da tayil, ƙarami, tsawonsa bai fi na falo biyu ba, zurfinsa iya ƙirjin babban mutum. A gaban mai shi kududdufi nake kiransa. Shi kuma ya ce me tela ya sani game da ruwa, ban da wanda yake fesa wa riga kafin guga.

Tankar ruwa ya tuƙa duk ƙuruciyarsa da rabin tsufansa. Ya kai ruwa wuraren gini, ya kai gidajen burodi, ya kai unguwannin da famfo ya ɗauke musu. Da farko ta wani yake ja, daga baya ya mallaki tasa. Duk da haka bai iya iyo ba, bai kuma taɓa sha'awar koya ba. Cewa yake shi da ruwa sun daidaita tuntuni: shi a gaba, ruwa a baya. Abin da ya fi yawan faɗa game da aikin shi ne, cikakkiyar tanka ba ta da wuyar tuƙi, haka ma wadda babu komai a cikinta. Mai rabi ita ce fitina. Ka taka birki, ruwan ya taho ya buge ka ta baya. Ka sha kwana, ya ja ka gefe.

Matarsa Malama ce, 'yan firamare ta koyar har ta yi ritaya. Tsayuwa a gaban allo ta cinye mata gwiwoyi. Likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa, ruwa zai ɗauke mata nauyin jiki. Ta ce ita ba za ta je otal ta shiga ruwa a gaban mutane ba, ko da gwiwar za ta fita ne. Sai Direba ya sa aka haƙa mata nata a gida. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda aure ya kai wani gari mai nisa, ita ta aiko da tayil da injin da ke juya ruwan. Ruwan kuwa shi ya ɗauko da kansa, da tankarsa, dab da zai sayar da ita. Ya ce mini daga rijiyar da ya fi yarda da ita ya ɗebo, wadda bai cika kai wa kowa ruwanta ba saboda nisa.

In Malama za ta shiga, nakan saki labulen tagata in fito tsakar gida. Daga nan kan Direba kawai nake gani yana wucewa ta saman katanga, ya je ya dawo, da doguwar sandar ragar kwashe ganye a hannunsa. Ita tana cikin ruwa riƙe da ɗaya bakin sandar, shi yana bin gefen tafkin a ƙasa. Muryarta na zuwa mini sarai.

"A hankali mana. Ba tanka kake ja ba."

"Tanka ta fi ki jin magana."

"To ta dafa maka abincin rana."

Haka kullum da hantsi, shekara da shekaru.

Ita ce mai kula da lafiyar ruwan. Tana da wani ɗan akwatin roba shuɗi, a cikinsa akwai ƙananan kwalabe biyu manne da juna da magungunan ɗigawa. Kwalba ɗaya tana nuna yawan kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka. In an ɗiga mata magani sai ruwan ya koma rawaya, gwargwadon yawan kulorin gwargwadon ƙarfin launin. Ɗayar tana nuna ko ruwan ya yi tsami ko ya karkata wajen kanwa. In ya yi tsami sai ya ci ƙarfe, ya ci siminti, ya sa ido zafi. In ya karkata wajen kanwa sai ya yi hazo. A tsakiya ake so ya tsaya, launin ruwan lemo. Nakan ji ta tana yi wa Direba bayani kamar ɗan aji uku, ta ƙare da cewa, "Miƙo mini hodar soda, kanwa ta kar tsami." Shi dai nasa miƙawa.

Rasuwarta ba ta da alaƙa da ruwa. Ranar da ciwon ya fara, da hantsi ta yi tafiyarta a tafkin kamar kullum, da yamma ta ce kanta. Aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Da masu gaisuwa suka watse, 'yar ta roƙe shi ya bi ta can garinsu. Ya ce, "Wa zai kula da ruwan?" Ta ɗauka wasa yake, har ta yi murmushi cikin hawaye. Ta tafi da jaririyarta a baya, wadda aka sa wa sunan kakar, ake ce mata Malama Ƙarama. Waya kam tana bugowa, ba ta fashi. Zuwa ne ya yi wuya. Yau aiki, gobe miji ba ya nan, jibi hanya ba kyau. Ni dai na san gidan da uwa ta bari yana da nauyin shiga.

Washegarin tafiyarta na ji an ƙwanƙwasa katanga da sanda.

"Tela, zo ka ara mini ido."

Na zaga na same shi a durƙushe a bakin tafkin, hannun riga a naɗe, akwatin shuɗin a buɗe. Ya ga yadda take yi sau ba adadi: a tsoma kwalaben har gwiwar hannu, nesa da inda inji ke feso ruwa, a ɗiga magani, a rufe, a jujjuya, a ɗaga wajen farin bango. Duk ya iya. Launin ne idonsa ba ya rabewa. Ja da ruwan lemo duk ɗaya suke a wajensa.

"Wannan fa?"

"Ya yi ja da yawa. In yadi ne, ba zan ɗinka wa dattijo ba."

"Ni ba ɗinki na kawo maka ba. Sama ya yi ko ƙasa?"

"Sama, wajen kanwa."

Ya je ya ɗauko asid, ya auna kaɗan a murfi, ya zuba a bokitin ruwa, ya zagaya yana tsiyayawa.

Tun daga ranar ya zama aikina. Kowace safiya sanda ta bugi katanga, in zaga, in duba launi, mu sha shayi. Ya kwashe ganye da raga, ya goge bangon da buroshi, ya jefa ƙwayar kulorin a wani ɗan kwando mai yawo a saman ruwa. Ruwan garau, ana ganin layin tayil na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ba mai shiga. Tsuntsaye ne kawai ke sauka a matakala su sha su tashi. Da la'asar ya ja farar kujerar ya zauna yana kallonsa har inuwar gwaiba ta rufe shi.

Sannu a hankali na lura da wani abu. Direba ba ya zubar da ruwan nan. Akwai bawul a gefen injin da ake buɗewa ruwa ya fita zuwa kwata, nasa har ya yi tsatsa a rufe. In an yi ruwan sama tafkin ya cika zai tumbatsa, sai ya fito da durom-durom ya kwashe na saman ya rufe, in rana ta rage tafkin ya mayar. Abin tace dattin ma a baho yake wanke shi da ruwan famfo. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, bai taɓa faɗa ba. Amma ruwan da ke cikin tafkin shi ne wanda Malama ta shiga ranar ƙarshe, kuma wanda duk ya ga yadda yake yi ya san bai yi niyyar rabuwa da ko cokali guda ba.

Shekaru suka tafi a haka. Gashin kansa ya ƙarasa fari, ni kuma na daina karɓar ɗinkin da ke da ƙananan maɓallai.

Sai wata shekara da zafi, kore ya fara fitowa a kusurwa. Ɗan kaɗan ne, kamar an goga alli. Direba ya goge, koren ya dawo. Matakalar ta fara santsi. Abin mamaki, kwalbar kulorin rawaya take fitowa sosai, har ta wuce launin ƙarshe da ke jikin ma'aunin.

"Ka tabbata idonka bai bi nawa ba?"

"Idona lafiya lau. Maganin ya yi yawa ma."

"To me ke ciyar da koren nan?"

Ya ƙara ƙwaya, ya mayar da ɗaya biyu. Ruwan ya fara wari mai hawa kai, koren kuma bai fasa ba. Ruwan ya dusashe, layin tayil na ƙasa suka fara ɓacewa.

Ana cikin haka 'yar ta bugo waya muna shan shayi. Ya sa a lasifika, don kunnensa ma ya fara nauyi. Ta ce hutun makarantar nan za su zo, ita da yarinyar. Kafin ya amsa, wata ƙaramar murya ta ƙwace wayar.

"Angona, an ce kana da teku a gida."

"Wa ya gaya miki, amarya?"

"Mama. Ta ce na kakata ne, kuma sunanmu ɗaya, to nawa ne. Na iya iyo fa. An saya mini tabarau na ruwa."

"To ni ban iya ba. In kin nutse sai dai in yi ihu."

"Tsoho da kai ba ka iya ba? Zan koya maka, amma sai ka biya ni da alewa."

Da aka kashe wayar ya daɗe yana kallon fuskarta, wayar nake nufi. Sannan ya kalli tafkin. Ya ce in shirya gobe in raka shi shagon da yake sayen magani, mu kai musu ruwan su gani.

Muka ɗebi ruwan a wata kwalba mai tsabta. Ya tuƙa mu a tsohuwar motarsa, a hankali, yana ba kowace kwana haƙƙinta kamar har yanzu akwai tanka a bayansa. Mai shagon mace ce, ba yarinya ba, tabarau a goshi, baki ba ya hutawa. Ta yi gwajin da muke yi, ta ɗaga gira. Sai ta ɗauko wata siririyar kwalba da ban taɓa gani ba, mai baƙin ɗigo a gindinta. Ta haɗa ruwanmu da wani magani, ya yi fari kamar an ɗiga madara.

"Baba, leƙa nan. Ka ga baƙin ɗigon?"

"Na gani."

"Zan riƙa zubawa. In ya ɓace ka gaya mini."

Ko kaurin yatsa ruwan bai kai ba, ɗigon ya ɓace. Sai ni na ce, "Ya tafi."

Ta sauke tabarau kan hanci. "Yaushe rabonka da sauya ruwan nan?"

"Ba a sauya shi."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka zuba."

Ta dafa kanta. "To shi ne. Ƙwayoyin nan da kake jefawa, kowace abu biyu take ɗauke da shi. Akwai kulorin, akwai kuma wani sinadari da ke yi masa laima kada rana ta cinye shi da wuri. Kulorin ya yi aikinsa ya tafi. Laimar ba ta tafiya. Shekara da shekaru kana tara laima, yanzu kulorin ya samu inuwa ya miƙe ƙafa. Kwalbarka tana ganinsa, ta ce maka yana nan. Yana nan ɗin, aiki ne ba ya yi."

Na ce, "Irinsu da yawa a ofisoshi."

Ta yi dariya. Direba bai yi ba.

"Wane magani ke kashe laimar?"

"Babu, Baba. Da akwai ai da na sayar maka, ni da ke neman ciniki. Zubarwa za ka yi, fiye da rabi, ka zuba sabo."

"In ban zubar ba fa?"

"Sai ka yi kiwon kwaɗi. Amma kada ka sa yaro a ciki. Kunne, ido, ciki, ba ka san wanda zai fara ba."

Ya juya hularsa a kai. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ruwan nan daga nesa na ɗauko shi."

"Haba Baba. Ruwan da ka ɗauko ai ya daɗe a sama. Rana ta shanye shi tuntuni, kana ƙarawa da tiyo. Abin da kake gadi yanzu guggubin ƙwaya ne kawai."

Ba ta san komai ba, baiwar Allah. Ta juya wajen wani mai neman bututu. Muna bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Amma kada ka kwashe duka. Tafki in ya bushe ƙaf yana tsagewa. Bar masa na ƙasa."

Muka kama hanyar gida. A wata mahaɗa wata tanka ta wuce mu tana zubar da ruwa a kwalta. Ya bi ta da ido ya ce, "Bawul ɗinsa na yoyo." Sai da muka shigo layinmu, ya kashe mota, bai buɗe ƙofa ba.

"Ni da nake ƙara ruwa duk mako, ni za a gaya wa rana na sha?"

"Uhm."

"Na sani, Tela. Tun ba yau ba."

Na ce masa shayin safe bai ishe ni ba, ko zai ɗora wani. Ya ɗora.

Bai zubar ba. Ya sayo kulorin na ruwa, wanda ba shi da laimar, ya zuba da yawa. Ya bar injin yana aiki wuni guda. Ya sa buroshi ya goge bango har kafaɗarsa ta riƙe. Ruwan ya washe kwana kaɗan, sannan koren ya dawo kusurwarsa kamar mai haya da ya je ganin gida. Hutu kuma yana matsowa.

Wata la'asar, muna zaune, ya ce, "In na ce wa 'yata injin ya lalace fa?"

"Za ta yarda."

"Za ta yarda," ya maimaita.

"Sai ta ce to, Allah ya kai mu wani hutun."

Shi ma ya san tsawon wani hutun a bakin 'yarsa. Yarinyar da ta tafi a goye yanzu tana karanta allon talla a hanya, kuma bai taɓa ganin tafiyarta da idonsa ba.

Washegari sanda ba ta bugi katanga ba. Na leƙa ta taga. Ya fitar da ɗan kwandon ƙwayar ya ajiye a rana, ya kashe injin. Ya bar ruwan haka nan, ba magani, ba goga. Cikin 'yan kwanaki ya zama kore shar, ba a ganin ko matakala ta biyu. Direba yana zaune a kujerarsa yana kallo. Mutumin da ganye ɗaya ba ya kwana masa a ruwa. Na ɗauka ya saki ne gaba ɗaya, har na fara tunanin ko in nemi lambar 'yar.

Sai wata safiya ya kira ni in duba kwalba. Ta kulorin kawai ya cika.

"Akwai sauran rawaya?"

"Babu. Fari tas."

"To yanzu ba zai ƙona saiwa ba."

Ya ɗauki bokiti, ya durƙusa, ya cika shi. Ya ɗauka da hannu biyu, yana tafiya yana hutawa, har gindin lemun tsamin. Malama ce ta dasa shi, shekarar da aka haƙa tafkin. Ashe tun jiya ya yi wa bishiyoyin gurbi, ya zagaye kowace da ƙasa. Ya tsiyaye ruwan a hankali, ya tsaya har ƙasa ta shanye.

Na ce, "Ga bawul can. Ɗan man inji kawai yake so. Ka buɗe, kafin azahar an gama."

"Zuwa ina?"

"Kwata."

Ya kalle ni kallon da ya sa na gyara tsayuwa. Ya shiga sito, ya jawo wani ƙaramin injin jan ruwa, duk ƙura, wanda ya rage masa daga tanka. Ya share shi, ya zuba masa mai, ya ja igiya har sau da yawa kafin ya yi tari ya tashi. Ya ɗaura masa tiyo, ya kai bakin tiyon gindin gwaiba. Kaɗan-kaɗan yake bari ya zuba, in gurbi ya cika ya kashe, ya jira.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Bishiya uku ba za su sha rabin tafki ba. Da ƙasarsa ta ƙoshi, sai na ga bakin tiyo ya leƙo ta saman katanga.

"Tela, mangwaron nan naka da ba ya haihuwa, yana shan ruwa?"

"Yana sha in ya samu."

"Kai masa. Kada ka bari ya malala waje."

Na kai masa. Bayan nawa, ya ja tiyon ta ƙofar gida zuwa bishiyoyin bakin titi, yana tsaye a kansu da kansa. Masu wucewa suna yi masa sannu da aikin lada. Yana amsawa.

Ranar da ya kashe injin na ƙarshe, na zaga. Ruwan ya sauka ƙasa da rabi. Matakalar duk a waje, bango ya yi zobe-zobe, kowane zobe da launinsa. Abin da ya rage a ƙasa kore ne, ba ya motsi. Muka tsaya a baki.

"Rabi," in ji shi.

Na tuna maganarsa ta tanka, amma ban faɗa ba. Na ce, "Ka bar masa na ƙasa dai."

"Na bar masa."

Ya sauka matakalar da buroshi. Karon farko ke nan da na ga ƙafarsa a cikin tafkin, ko da yake inda ya taka a bushe yake.

Tankar da ya kira ta zo da hantsi. Direbanta wani mai ƙiba ne, yana sauri, ana jiransa a wani wuri. Direba ya tambaye shi ko ya san rijiyar nan ta can bayan tsohuwar ma'aikatar bulo. Mutumin ya ce ai an daɗe da rufe ta, gidaje ne a wurin yanzu. Wannan daga ta kusa ya ɗebo, ruwa ai ruwa ne.

"Haka ne," in ji Direba. "Kawo tiyon in riƙe."

"Yana da ƙarfi fa, Baba."

"Kawo dai."

Ya riƙe shi a ƙugu, ya buɗe ƙafa, yadda jikinsa ya saba. Sabon ruwan ya faɗa kan tsohon, suka gauraya, har ba a iya cewa ga wannan ga wancan.

Daga nan aka koma aikin ɗigo. Sabon ruwan ya karkata wajen kanwa, kwalba ta fito ja. Ya zuba asid kaɗan, ya jira wuni, muka sake dubawa. Ya zuba kulorin na ruwa, ya tayar da inji, ya wanke abin tacewa safe da yamma. Koren ya koma toka-toka, tokar ta kwanta, ya zuƙe ta. Wata safiya layin tayil suka fito. Na ɗaga kwalbar wajen farin bango.

"Ya yi?"

"Ruwan lemo. Wannan ko ango na ɗinka wa ba zai dawo da shi ba."

Muka kai wa mai shago ruwan. Ta yi ta zubawa, baƙin ɗigon yana nan yana kallonmu har kwalbar ta kusa cika. Ta ce, "Ka gani, Baba? Da ka yi tun bara." Ya ce mata ya gode.

Sun zo ranar wata Asabar. Na ji buɗe ƙofar mota, na ji 'yar tana cewa Baba ka rame, shi yana cewa rigar ce ta yi yawa, laifin tela ne. Da hantsin washegari na ji ƙarar ruwa. Na saki labule, na fito tsakar gida da kujerata.

Ashe iyon amarya a baki ya fi yawa. Ina jin ta tana cewa wurin nan ya yi zurfi, a ba ta abin riƙewa. Na ji takun uwar ta koma cikin ɗaki, ta ja ƙofa. Can sai ga kan Direba ta saman katanga, fari fat, da doguwar sandar a hannu. Ya je, ya dawo.

"Ka cika sauri, tsoho. Za ka kayar da ni."

Na saurara in ji abin da zai mayar mata. Ya daɗe.

"To, Malama," in ji shi.

Kwana kaɗan suka yi. Kullum tana cikin ruwa har yatsunta su yi yamutsa, tana fantsama shi ko'ina, rabi a tafki rabi a ƙasa, bai hana ta ba. Ranar tafiya, a bakin mota, 'yar ta sake cewa ya bi su, ɗaki na nan an gyara. Ya ce, "Wa zai kula da ruwan?" Wannan karon ba ta yi murmushi ba. Ta gyara masa wuyan riga, ta ce za su dawo in an sake hutu, in Allah ya yarda. Ya tsaya a titi har motar ta sha kwana, ya ɗan ƙara tsayuwa bayan nan.

Da safe sanda ta bugi katanga.

"Tela, ara mini ido."

Farfajiyar shiru. Tabaran ruwan yarinyar na rataye a reshen lemun tsami, ta manta shi. Ya miƙo mini kwalbar. Na ɗaga, na juya ta wajen haske.

"Kusan fari. Kulorin ya ƙare."

"Jiya da safe na zuba fa."

"To ya cinye."

Ya karɓi kwalbar, ya kawo ta kusa da ido, kamar zai ga abin da na gani.

"Haka yake yi in an shiga," in ji shi. "Na manta."

Ya zauna a farar kujerar, kwalbar a hannu, jarkar kulorin a gefen ƙafarsa. Na zuba mana shayi. Wani tsuntsu ya sauka a matakala, ya sha, ya tashi.

"Ba za ka zuba ba?"

"Zan zuba. Bari tukuna."

Na sha shayina, na koma gida. Ina da wando biyu da zan rage wa tsawo. Sai bayan azahar na ji ƙarar murfin jarka, na ji takunsa yana zagaya tafkin a hankali, yana tsiyayawa.

Mangwarona ya yi sabon ganye a wannan shekarar, jajaye masu laushi, har ta kan katanga. Bai haihu ba dai. Tabaran yana nan a reshen lemun tsamin. Direba ya ce kada rana ta cinye robar, ya sa na ɗinka masa 'yar jaka.